Had disk yana ƙara kuma yana zafi: yadda zaka gano ciwon da yadda zaka sanyaya shi

In dai had disk ɗin kwamfutarka ya fara wata ƙara da baka saba ji ba, musamman irin ƙas, ƙas, ƙas ɗin nan mai maimaita kanta, toh dan Allah ajiye maganar gyara a gefe tukuna, nemo filashi ko wani had disk na waje ka kwashe duk abinda in ya ɓata hankalinka zai tashi. Hotunan iyali, furojet ɗin makaranta, lissafin shago, aikin mutane da ka riga ka karɓi kuɗinsu. Bincike ya biyo baya. Abinda yasa na fara da wannan shine zafi da ƙara ba ciwo ɗaya bane duk da suna yawan zuwa tare, zafi ana maganinsa da fanka da kakkaɓe ƙura, kuɗi ƙalilan ne, amma had disk ɗin da cikinsa ya riga ya taɓu ko a ɗaki mai AC ka kwantar da shi ba warkewa zai yi ba, kuma duk kunnawar da kayi kana gwaje-gwaje daga ɗan sauran kwanansa kake ɗiba.

Wanda ya taɓa ganin garmaho ya gama gane had disk, faifai ne yake juyawa ga allura a bakin wani ɗan hannu tana kai da komo tana karanta abinda ke kai. Sai dai shi wannan faifan sau 5400 ko 7200 yake juyawa a minti ɗaya, na laftof yawanci 5400, na kwamfutar tebur da yawansu 7200, sannan allurar bata taɓa faifan sam, iskar da juyawar take tayarwa ce ke riƙe da ita a sama, tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Toh kaga abu mai irin wannan tsari baya son girgiza, baya son a ɗauke masa wuta yana tsaka da aiki, baya son zafin da ya wuce misali. Ranar da allurar ta dira kan faifai ta karce shi, abinda ke rubuce a wurin ya tafi kenan. In kuma SSD ne a kwamfutarka, wato sabon nau'in ma'ajiyar data da ke maye gurbin had disk, babu abinda ke juyawa a cikinsa, baya ƙara, wadda kake ji daga wani wurin take, galibi fanka ce. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance, a Windows 11 da Windows 10 na baya-bayan nan zaka ga an rubuta HDD, wato had disk, ko SSD a ƙarƙashin sunan disk ɗin.

Wajen kwashe kayan ma akwai tsari. Kar ka zaɓi komai gaba ɗaya ka danna ka tafi sallah, domin da ya ci karo da wurin da ya lalace nan zai tsaya yana ta nanata karatu yana ƙara ɗaukar zafi, ka dawo ka tarar ko kwata bai yi ba. Fara da ƙananan abubuwa masu muhimmanci, takardu da hotuna, folda ɗaya bayan ɗaya, fina-finai da waƙoƙin da zaka iya sake samu wajen masu turi su zo a ƙarshe. Copy zaka danna ba Cut ba. Cire murfin kesin ka juyo masa fankar tebur tana buga shi har a gama. In a kansa Windows ɗin take, ya fi ka ciro shi ka jona shi a wata kwamfutar ta 'yar wayar nan ta SATA zuwa USB mai haɗa bakin had disk da ramin USB, saboda kar ya zama yana ɗauke da nauyin Windows yana kuma ɗauke da nauyin kwafi. Wanda ya iya Linux, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows, akwai manhajar kwafi mai suna ddrescue, kyauta ce, ita tana fara kwashe wuraren da ke da lafiya ta tsallake masu ciwo sai daga baya ta dawo kansu, kuma tana ajiye lissafin inda ta tsaya ko da wuta ta ɗauke. A ganina babu abinda ya fi ta dacewa da had disk mai jinya.

Wai ma daga ina ƙarar take fitowa?

Had disk yana shan zargin da ba nasa ba sosai. Fankar da ƙura ta cinye tana ƙara, wayar da ta saki tana taɓa fiffiken fanka tana ƙara, faifan CD da aka manta a ciki yana ƙara, murfin kesin da babu sukuru ma yana rawa. Ka samu wuri shiru, kashe fankar ɗaki, buɗe murfin ka kunna. Ɗauki doguwar sukundireba ka ɗora bakinta a jikin ƙarfen had disk ɗin, banda ɓangaren koren allon da ke ƙasansa, ka kara mariƙin a kunnenka, zaka ji motsin cikinsa raɗau. Fankokin kesin da ta furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, kuwa ka danna tsakiyar kowacce da yatsa na daƙiƙa ɗaya ko biyu ka saki, tsakiyar nace ba fiffiken ba, in ƙarar ta yanke lokacin da ka danna ka kama mai laifi. Fankar fawa fak, wato akwatin da ke raba wa kayan kwamfuta wuta, kar ka zura mata komai, kar kuma ka kwance akwatin, akwai wutar da take kwana a ciki ko bayan ka zare soket.

Gwajin da ke raba gardama shine ka kashe kwamfutar ka zare wayoyin had disk ɗin duka biyu, ta wuta da ta data, ka sake kunnawa. Windows bazata tashi ba, ba komai, kunne kawai zaka kasa. In ƙarar tana nan toh had disk ya kuɓuta. A laftof kuma, ƙarar fanka daga gefen da iska mai zafi ke fita take zuwa, tana hauhawa in aiki yayi yawa kuma bata yankewa, ta had disk yawanci daga ƙarƙashin inda kake ɗora tafin hannu take, tana zuwa a gutsure tare da ƙyaftawar 'yar fitilar disk in laftof ɗin tana da ita.

In ka tabbatar shi ne, sai ka bambance kukan. Ɗan ƙirit-ƙirit da yake yi in kana buɗe abu ko kana kwafi ba ciwo bane, allura ce ke aikinta, kuma masu 7200 sun fi surutu. Ƙas guda ɗaya jefi-jefi bayan ka ɗan bar kwamfutar shiru shima ba komai, allura ce ta koma maajiyarta ta huta. Gunjin nan na zuuu mai sa tebur rawa girgiza ce ke bin ƙarfen kesin, ɗora tafin hannu a jikin kesin ka danna, in ya ragu toh ɗauri ne bai yi ba, ka sa masa sukuru huɗu cif ka ɗaure. Sau da yawa zaka buɗe kwamfuta ta hannu ka tarar da had disk yana lilo a sukuru ɗaya ko ma an ajiye shi kawai a ƙasan kesin. A kwance ko a tsaye duk yana aiki, ya dai zama a ɗaure tamau.

Waɗanda ke tada hankali su ne waɗannan. Ƙas ƙas mai bin juna a jere, sai kaji injin ya mutu ya sake tashi, kwamfuta ta daskare ko BIOS, wato shafin saitin da ke fitowa kafin Windows ta tashi, ma baya ganinsa, wannan allura ce ke neman inda zata fara karatu ta kasa, ta koma ta sake fitowa. Sai ɗan siririn kuka bib, bib kuma baka jin juyawa, inji ne yake son tashi ya kasa, ko allura ta manne a faifai ko wuta bata ishe shi ba. Waɗannan biyun ka basu dama guda, canza wayar wuta da ta data ko ka gwada shi a wata kwamfutar, domin ƙarancin wuta yana kawo su sak. In bata canza zani ba ka kashe. Ta ƙarshe kuma ƙarar gurza, ƙiiii ko gurrr ta ƙarfe na cin ƙarfe, wannan babu wani gwaji, zare wuta nan take, duk zagayen da faifan yayi ƙara karcewa yake.

Tambayi had disk ɗin da kansa

Had disk yana rubuta tarihin lafiyarsa a wani tsari da ake kira SMART, manhaja kawai kake buƙata ta karanto maka. A Windows sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce kuma bata da nauyi. Da ka buɗe zaka ga Good da shuɗi, ko Caution da ruwan ɗorawa, ko Bad da ja, ga digirin zafi a ƙasa. Kar ka tsaya a launin kawai, duba layukan ƙasa ta ɓangaren Raw Values. Da yake lambobin suna zuwa a gauraye da haruffa, shiga Function, sai Advanced Feature, sai Raw Values ka zaɓi 10 DEC, zasu koma lambobin da aka saba.

Layi mai lamba 05 shine adadin gurabun rubutu na kan faifai da suka lalace had disk ya maye gurbinsu daga ajiyarsa. C5 gurabun da ya kasa karantawa suna jiran hukunci. C6 waɗanda suka gagara gyaruwa. Ukun nan sifili ake so a gani. In ba sifili bane rubuta lambar a takarda ka sake dubawa bayan kwana biyu ko uku, in tana hawa toh tafiya yake yi, ba sai ka jira launin ya koma ja ba. C7 kuma labarinsa daban, shi yawanci wayar SATA ce ta saki ko ta lalace, canza waya kawai, lambar bazata koma sifili ba amma zata daina ƙaruwa, mutane da yawa sun yar da lafiyayyen had disk saboda 'yar wayar da bata kai kuɗin kati ba. C2 zafi ne, 09 kuma yawan awannin da yayi yana aiki tun da aka ƙera shi.

A 2007 injiniyoyin Google sun fitar da wani bincike da suka yi kan had disk sama da 100,000 da ke cibiyoyinsu, suka gano wanda ya fara maye gurbin lalataccen gurbi, ko da guda ɗaya ne, yiwuwar mutuwarsa cikin kwana 60 ta ninka ta lafiyayye sau 14. Kuma suka gano sama da kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu SMART bai nuna alamar komai ba kafin su tafi. Don haka in manhaja tace Good amma kunnenka na jin ƙas ƙas, kunnenka zaka bi. Bayan ka gama kwashe kaya, ba kafin nan ba, zaka iya yi masa cikakken gwaji da SeaTools ta kamfanin Seagate, ko smartctl a Linux. Gajeren gwaji minti biyu ne ko makamancin haka, dogon kuma a had disk mai 1TB yana cin awa biyu zuwa uku.

Maganar zafi

Yawancin had disk na gida kamfanonin sun rubuta iyakarsu digiri 60, wasu 55. Amma iyaka daban wurin zama daban. Tsakanin 30 da 45 lafiya lau, 45 zuwa 50 ka fara neman dalili, in yana zama sama da 50 toh tashi tsaye, ita kanta CrystalDiskInfo a 50 take fara gargaɗi. Ka auna sau biyu, ɗaya bayan kwamfuta tayi rabin awa a kunne ba aiki, ɗaya kuma yana tsaka da kwafin babban abu, kuma da rana tsaka ba da asuba ba. Taɓawa da hannu ma tana faɗar wani abu, in ka kasa barin yatsunka a jikinsa na 'yan daƙiƙu ya kai wajen 50 ko ya wuce.

Shi wancan binciken na Google bai ga matsakaicin zafi yana kashe had disk yadda ake tsammani ba, har ma waɗanda aka sanyaya sosai basu fi sauran daɗewa ba, inda zafi ya nuna illarsa sosai shine sama da digiri 45 a jikin waɗanda suka shekara uku zuwa huɗu. Toh mu kuma nan muke zaune daidai. Yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, had disk ɗin ya sha aiki a wata ƙasa kafin ya iso, sannan a bazara, Maris zuwa Mayu, Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafi yana haura digiri 40 a inuwa, balle shagon kwantena ko ɗaki mai rufin kwano babu silin. Fanka kuwa bata ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take turawa, had disk bazai taɓa fin ɗakin da yake ciki sanyi ba, kullum yana ɗara shi da wasu digirori, in babu iska ma da goma ko fiye. Ɗaki na 40, had disk na 50 kenan ba tare da wani ciwo ba. Shi yasa ni dai a bazara nafi son a bar manyan kwafi da sikanin sai dare ko da sassafe.

Fara da ƙura, domin hunturu ɗaya ya isa ya toshe kwamfuta. Kashe ta, zare soket, danna maɓallin kunnawa ka riƙe na ɗan lokaci sauran wutar ta fita, fito da ita waje. Kafin ka taɓa komai a ciki taɓa ƙarfen kesin, shokin ɗin nan da kake ji lokacin sanyi in ka taɓa ƙofar mota ko bargo yana iya ƙona allon had disk. Yi amfani da bulowa da busasshen buroshin fenti mai laushi, ka riƙe kowace fanka da yatsa lokacin da kake hura ta kar iska ta juya ta fiye da ƙarfinta. Kar ka hura da baki saboda yawu, kar ka sa jiƙaƙƙen tsumma. Ka kula da ragar gaban kesin, nan ƙura take yin kirtani ta rufe hanya ruf.

Sai hanyar iska. Tsarin shine ta shiga ta gaba ta ƙasa, ta bi ta kan had disk, ta fita ta baya ta sama. Kesin da yawa akwai gurbin fanka a gaba daidai saitin had disk amma babu fankar, saya mai milimita 120, ko 80 in gurbin ƙarami ne, ka ɗaura. Wallahi cikin duk dabarun nan babu wadda ta kai wannan, ko a hankali take juyawa zaka ga digirin ya sauko. Ka dai lura da fuskarta, iska tana fita ne ta ɓangaren da sandunan robar da ke riƙe da injin suke, wasu ma akwai 'yar kibiya a gefe, in kana kokwanto kara tishu ka ga ko tsotsa take ko turowa. In had disk biyu ne kar ka manna su, bar gurbi ɗaya fanko a tsakani, zafi zai ragu, gunjin da suke haɗuwa su yi shima zai ragu. Tattare wayoyi ka ɗaure su gefe. Ita kanta kwamfutar ɗaga ta daga ƙasa, fito da ita daga cikin durowar tebur, matsar da bayanta daga bango kamar taƙi guda, kuma in kana lulluɓe ta da zani saboda ƙura ka yaye gaba ɗaya kafin ka kunna.

Wani abu da ake yi don kashe ƙara yana ƙara zafi, wato naɗe had disk da soso ko kwali ko salatif. Jikinsa na ƙarfe ta nan yake fitar da zafi, in ya haɗu da ƙarfen kesin ma yana miƙa masa wani. 'Yan robobin da ake sawa a wurin sukuru suna rage girgiza sosai, amma in ka sa su ka tabbata akwai fanka a gabansa. Akwai kuma wani ɗan rami a jikin murfin da yawancinsu ke da shi, wasu har an rubuta kar a rufe, toh kar ka liƙa masa sitika.

Cire murfin gefe a bar kwamfuta a buɗe dabara ce ta wucin gadi, tana aiki ne in akwai fankar tebur tana hurawa, in babu kuwa ka ɓata hanyar iskar ne ka kuma gayyato ƙura da kyankyasai.

Wani lokacin kuma aiki ne yayi masa yawa. Koma Task Manager ka duba layin Disk, in yana manne a 100% alhali ba abinda kake yi, duba wace manhaja ce a sama. Windows Update da antibairos suna yin haka na ɗan lokaci su sauka. Wanda baya sauka galibi ƙarancin RAM ne, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, 4GB da Windows 10 da Chrome cike da shafuka, dole kwamfuta ta riƙa aron wuri a had disk tana rubutawa tana gogewa ba hutu. Ƙara RAM zuwa 8GB yana sauke masa wannan wahalar.

Laftof da had disk na waje

Laftof ta ƙasa take shaƙar iska, ɗora ta kan katifa ko filo ko darduma toshe mata hanci ne. Sa ta kan tebur ko faranti ko katako, ɗaga bayanta kaɗan, in da hali sayi abin ɗorawa mai fanka. Yawancin zafin da had disk ɗin laftof ke sha ba nasa bane, na furosesa ne da ya rasa hanyar fita ya bazu a ciki, don haka in iskar da ke fitowa ta gefe ta raunana kai ta a buɗe a cire ƙurar da ta taru tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen nan, a canza man da ke kan furosesa. In an buɗe ka duba ko had disk ɗin na cikin maɗaurinsa, wasu masu gyara kwali suke cusawa. Kar ka rufe murfi kawai ka jefa ta jaka, tana iya farkawa a ciki ta dahu, kashe ta gaba ɗaya. Kar ka bar ta a mota da rana, kar kuma ka riƙa yawo da ita a hannu tana kunne.

Masu tura fina-finai da masu bizines santa da masu ɗaukar hoton biki, ku kuka fi kowa wahalar da had disk na waje. An kulle shi a kwanson roba babu tagar iska, ga guda huɗu an jera wani kan wani, daga safe har dare. Ku raba su, kowanne a kwance a kan tebur inda hannu bazai ture shi ba, a juya musu 'yar fankar USB. Ƙaramin na waje in yana ƙas ƙas ko bib bib ka fara zargin wuta, ramin USB 2.0 milliamfa 500 yake bayarwa, na 3.0 mai shuɗin ciki 900, toh in ka haɗa da doguwar waya mara kyau ko hob, wato abin nan mai raba ramin USB ɗaya zuwa da yawa, mara wutar kansa, injin bazai iya tashi ba. Gajeriyar waya mai kauri, a ramin bayan kwamfuta kai tsaye. Babban na waje kuwa mai adaftar kansa bolt 12 yake ci, cajar laftof bolt 19 ce ko kusa da haka kuma bakinta yana iya shiga ramin, in ka kuskura ka jona allon ya ƙone nan take. Yi wa adaftarsa alama. Na'urar CCTV ma haka, kar a kulle ta a kabad, kuma a sa mata irin had disk ɗin da aka yi don aikin dare da rana kamar WD Purple ko Seagate SkyHawk.

Wutar NEPA ita ma tana da hannu. Fawa fak da ya gaji, ko wuta mara ƙarfi, ko sauyi daga NEPA zuwa janareta, duk suna sa had disk ya mutu ya tashi yana ƙas. Layin C0 a SMART yana ƙirga sau nawa allura ta koma da gaggawa saboda yankewar wuta. Kwamfutar tebur da ake neman abinci da ita ya kamata ace tana kan UPS ko inbata, ko da mai riƙe minti biyar ne ka samu ka kashe ta da hannunka.

Akwai shawarwarin da ke yawo da nake roƙon a bari. Saka had disk a firiza, da ka fito da shi raɓa zata kwanta a kan faifai da allon, ka ƙara masa wani ciwon. Ɗora masa ƙanƙara ko ledar fiya wata mai sanyi duk ɗaya ne. Bubbuga shi wai allura ta saki, karce faifai ne. Kwance murfin a leƙa ciki, ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar allura girma nesa ba kusa ba, masu wannan aikin a keɓaɓɓen wuri mai tataccen iska suke buɗewa. Fomatin da sake ɗora Windows basa gyara ƙarfe. Haka chkdsk /r da difiragmen, wato kayan Windows na duba disk da sake jera fayiloli, da manhajojin da ke cewa suna farfaɗo da lalatattun gurabu, duk suna tilasta masa bin faifai daga farko har ƙarshe na awanni, a jikin mai jinya wannan ne ke ƙarasa shi. In abinda ke ciki yana da tsada a wurinka kuma kwamfuta ta daina ganinsa, kashe shi, sa shi a ledarsa ka nemi masu ƙwato data na gaske, ka tambaye su ko suna da wurin buɗewa mai tsafta kafin ka miƙa, kuma ka shirya kuɗin zai fi na sabon had disk.

In ya tabbata canji za a yi, ni SSD zan ce ka ɗora Windows a kai. Mai inci 2.5 na SATA yana shiga gurbin had disk ɗin laftof daidai, babu ƙara, girgiza bata damunsa, wutar da yake ci kaɗan ce, tsohuwar kwamfuta sai kaga ta farfaɗo. Had disk ka bar shi wa manyan kaya. In na hannu zaka saya tafi da CrystalDiskInfo a filashi a jona shi a gabanka, 05 da C5 da C6 su zama sifili, sannan ka duba 09, shekara guda awa 8,760 ce, wanda ya nuna 35,000 yayi kusan shekara huɗu yana juyawa ba tsayawa. Ana iya goge wannan lissafin, don haka in shekarar da ke jikin takardarsa tsohuwa ce amma awannin basu kai ɗari ba ajiye musu kayansu. Ka nemi a baka kwanakin gwaji ka yi masa dogon gwajin SeaTools a gida.

Shi kuma tsohon, ko ya lafa bayan ka sa fanka kar ka sake ajiye masa abinda bashi da kwafi a wani wurin. In zaka rabu da shi kar ka miƙa wa 'yan gwangwan haka nan da hotunan iyalinka da takardun banki a ciki, wanda baya tashi a hannunka yana iya tashi a hannun wani. In yana aiki yi masa cikakken fomatin, ka cire alamar Quick Format domin ya bi ko'ina ya shafe, in baya aiki huda shi da dirila wuri uku ko huɗu ta saitin faifan sannan ka bayar.